Kowa da Irin Dariyarsa

Mun san waɗansunku daga gona su ke, ko ƙafa ba su tsaya wankewa ba. Allah ya saka da alheri.

Kullum in mun zo, maganar taki mu kan yi, ko ta rijiya, ko ta tsabtar gida. Yau kuwa maganar dariya za mu yi. To, ga shi tun ba mu fara ba wani ya dara a can baya. Watakila cewa ya ke yi a ransa, "Yanzu mutanen nan sun taso takanas tun daga birni don su koya mana dariya?" A'a, Baba, ba mu isa ba. Wannan fanni ko wane ɗayanku malami ne. Amma ku ba mu kunnuwanku. Akwai abin da dariya ta ke yi wa ajin nan, kuma za mu zo kansa.

Ku dubi allo. Kun riga kun koyi ba, be, bi, bo, bu. Yanzu mu ɗauki harafin h, mu jera shi da wasulan nan biyar: ha, he, hi, ho, hu. Ku karanta ko wane ɗaya sau uku. Me kuka ji? Ashe duk dariya ce! Ha ha ha, ta mahauci ce ranar da ciniki ya yi kyau. He he he, ta tsohon dillali ce in ya ga baƙo ya shigo kasuwa da sabuwar riga. Hi hi hi, ta 'yan mata ce a hanyar rafi. Ho ho ho, ta mai tumbi ce bayan ya gama da akushi. Hu hu hu kuwa, ta wanda ya toshe baki ce don kada malam ya ji. Yanzu ku gwada haɗa su, ku ce ha ho ha ho da sauri kamar kuna dariya. Kun ga ba ta tafiya daidai. Mai dariya ya kan kama wasali guda ne ya bi shi. Sabo da haka a ke gane mutum da dariyarsa kamar yadda a ke gane shi da tafiyarsa. Mace tana cikin gida, mijinta yana dandali cikin duhu da mutum goma, ta kan ce, "Ga maigida can." Mai bin bashi ma haka ya ke gane wanda aka ce masa ya yi tafiya.

Akwai wani abu da mu ka lura da shi a harshenmu. Kalmomin da Bahaushe ya ke faɗin dariya da su, yawancinsu na ɓarna ne. A kan ce wane ya fashe da dariya, sai ka ce tulu. Wane ya kece da dariya, sai ka ce tsohon zane. Wane ya ɓarke da dariya, kamar buhun da aka cika wa gero. Wane ya tuntsure, kamar tukunyar da akuya ta ture. Wane ya bushe, kamar kuɓewa a kan rufin ɗaki. Wane ya sheƙe, kamar ruwan tsakiyar damina. In taro ne, a ce sun kwashe da dariya, kamar tuwo. Wanda bai ji Hausa sosai ba, in aka ba shi labarin hira guda, sai ya ce a kira mai ɗori. Amma kakanninmu ba su yi kuskure ba. Dariya ta gaske ƙwace wa mutum ta ke yi. Ya ɗinke fuska, ya ɗaure ciki, ta sami wurin da ɗinkin bai yi ƙarfi ba ta fito.

Bari mu zaga ajin nan, ba tare da kiran suna ba. Kowa ya ji an taɓa shi, ya yi shiru, ba wanda zai sani.

Akwai mai gimtsewa. Shi ba ya yarda a ji muryarsa. Kumatu su kumbura, ido ya yi ja, kafaɗu su riƙa rawa kamar mai jin ɗari. Kana zaune bayansa sai ka ce zazzaɓi ne ya kama shi. Daga ƙarshe ta hanci ta ke fita, kuma ta fi wadda ya ɓoye ƙara. Akwai mai duka. Wannan in an ba da labari mai daɗi, cinyarsa ba ta ishe shi ba, sai ya kai wa na kusa da shi. Wanda ya san shi ba ya zama damansa. Akwai mai riƙe ciki yana cewa, "Wayyo, ku bari, za ku kashe ni," alhali shi ne zai ce a maimaita. Akwai mai hawaye, wanda in ka tarar da shi sai ka fara yi masa ta'aziyya. Akwai wanda ba a ba shi labari yana shan fura, don sai ya ƙware, a koma bubbuga masa baya.

Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne mai jinkiri. An yi magana, kowa ya yi dariya, an gama, an shiga zancen farashin gyaɗa. Shi yana nan shiru, yana jujjuya maganar. Can sai ka ji ya ƙyalƙyale shi kaɗai, yana cewa, "Af! Ashe abin da ya ke nufi ke nan!" Wani ma sai ya kai gida ya kwanta, tsakar dare ya tashi iyali. Kada ku raina irin wannan mutum. Shi ba ya dariyar ganin ido. Sai ya gane tukuna. A aji irinsa mu ke so, gama abin da ya shiga kansa ba ya fita.

A ajin mata kuwa, dariya da tafi ta ke tafiya. Ɗaya ta yi magana, ɗaya ta miƙo hannu, su tafa, a yi shewa. Amarya ita bakin mayafi ta ke cizawa. Saurayi kuma a gaban surukinsa, ko an yi maganar da za ta tuntsurar da jaki, ƙasa ya ke kallo yana tonon ta da tsinke. Sai ya fita ƙofar gari ya biya bashin.

Haƙora ma suna da hannu a ciki. Mai wushirya ba ta rowar dariya, ta san abin da Allah ya ba ta. Alhajin da ya dawo da haƙorin Makka, wata uku ko sallama ka yi masa sai ya washe baki, kuma ta gefen da haƙorin ya ke. Mai giɓi da tafin hannu ya ke dariya. Wanda goro ya rina wa baki shi ba ruwansa, ya daɗe da sallamawa. Jariri da tsoho tukuf su suka fi kowa sakewa, don ba su da abin ɓoyewa. Bahaushe ya ce abin dariya, yaro ya tsinci haƙori.

Malamanmu ba su bar wannan magana ba. Waɗansu malaman fiƙihu sun kasa ta kashi uku. Akwai murmushi, wanda ba a jin sautinsa. Akwai dariyar da mai yinta kaɗai ke ji. Akwai ƙyalƙyala, wadda na kusa da kai ke ji. Wanda ya karanta Ahalari ya san hukuncin a mazhabarmu ta Malikiyya. In mutum ya yi dariya cikin salla, sallar ta ɓaci, ko da gangan ko da mantuwa, sai ya sake. Murmushi kuwa bai ɓata ta ba. Wannan hukunci samari biyu da ke tsayawa kusa da juna a sahun baya su suka fi kowa bukatarsa. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labari ba ta taɓa ganin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi dariyar da za a hangi can cikin bakinsa ba. Murmushi ya kan yi, kuma yana yawan yinsa. A cikin Suratun Namli an ba da labarin Annabi Sulaimanu, sa'ad da ya ji tururuwa tana gargaɗin 'yan'uwanta su shige gida kada runduna ta tattake su. Murmushi ya yi, ya gode wa Ubangijinsa. Sarki mai mulkin mutane da aljannu, ga 'yar tururuwa tana magana, bai raina ta ba. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi an jima.

To, ba duk buɗe haƙori ne dariya ba. Akwai yaƙe. Ku je wurin mai babbaka ku dubi kan akuya, haƙora duk a waje, amma ba wanda zai ce daɗi ta ke ji. Yaƙe shi ne abin da mutum ya ke yi in mai bin sa bashi ya tare shi a tsakiyar kasuwa. Shi ne abin da uwargida ta ke yi ranar da aka kawo kayan amarya, tana cewa, "Kai, sun yi kyau." Shi ne na barori in ubangida ya ba da labarin nan nasa da suka ji sau ashirin. Yaya a ke rarrabewa? Ku bar kallon baki, ku dubi ido. Wani likita a ƙasar Faransa, sunansa Duchenne, ya yi bincike a kan naman fuska, ya buga littafinsa a shekarar 1862. Ya riƙa taɓa fuskar mutane da wutar lantarki kaɗan, naman ya motsa, a ɗauki hoto. Ya tarar ana iya jan baki ya yi siffar murmushi, amma fuskar ba ta yin kama da ta mai farin ciki. Sai naman da ya kewaye ido ya tsuke, kumatu su ɗaga, gefen ido ya tattare. Baki yana bin umurnin mai shi. Naman ido kuwa da wuya ya bi, zuciya ya fi saurara wa. Likitan ya sha wahala da lantarkinsa. Da ya zo nan ya tambayi ko wace tsohuwa, da ta gaya masa labarin zuciya a tambayi fuska.

Kura ma an ce tana dariya. Mafarauta da masu kwana a gona sun san wannan ƙara. Masu binciken namun daji sun bi ta sun saurara, suka ga yawanci a wurin rabon mushe ta ke yinta, sa'ad da manya suka taso wa ƙarama za su ƙwace abin da ta samu. Watau kukan tsoro ne da takaici. Mutane ma suna da irinta. Mutum ya kan yi tuntuɓe a gaban jama'a, yatsa yana jini, ya tashi yana dariya. Kowa ya san ba daɗi ya ji ba.

Wa ya koya mana dariya? Ba kowa. Jariri ya kan fara yi wa uwarsa murmushi wajen lokacin da ta gama arba'in, zuwa wata biyu. In ya kai wata uku zuwa huɗu sai a ji ya ƙyalƙyale. Yaron da aka haifa makaho, bai taɓa ganin fuskar kowa ba, shi ma yana murmushi. Wanda aka haifa kurma shi ma yana dariya. Kyauta ce aka ba kowa, ba a sayen ta, ba a biya mata haraji. Amma akwai sharaɗi guda, ba ta son kaɗaici. Ku gwada yanzu, kowa ya yi wa kansa cakulkuli a hammata. Ku gwada mana, Baba, ba mai gaya wa iyali. Kun ji wani abu? Babu. Ƙwaƙwalwa ta riga ta san inda hannunka zai tafi. Amma bari jikanka ya lallaɓo ta baya, sai rawani ya faɗi. Wani malamin jami'a a Amurka, Robert Provine, ya sa ɗalibansa su riƙa rubuta duk lokacin da suka yi dariya, ya buga sakamakon a 1989. Ya tarar mutum ya fi yin dariya cikin mutane kamar sau 30 bisa ga in yana shi kaɗai, in an cire lokacin da ya ke karatu ko sauraron rediyo ko kallon talabijin.

Kuma tana yaɗuwa kamar hamma. Kun sha ganin mutum ya iso majalisa ana dariya, ya kama yi har da hawaye, sa'an nan ya ce, "Wai me aka ce?" A ƙasar Tanganyika, wadda yanzu ta ke cikin Tanzaniya, abin ya taɓa wuce wasa. Ran 30 ga Janairu 1962, a wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙauyen Kashasha, yara uku suka fara dariya suka kasa dainawa. Ta kama wannan ta kama waccan, har yara 95 cikin 159. Waɗansu dariya da kuka su ke haɗawa. A watan Maris dole aka rufe makarantar. Da yaran suka koma gida, abin ya bi su ƙauyukansu. Likitoci sun duba ba su sami ƙwayar cuta ba, aka fi danganta abin da damuwa da ƙuncin rai. Mu dai muna roƙon mai gimtsewan nan na sahun baya ya yi mana rangwame, ba mu so a rufe mana aji.

Kakanninmu sun san dariya tana da kaifi, sabo da haka suka yi mata kube. Shi ne wasan barkwanci. Bafulatani da Babarbare in sun haɗu, ko wane ya ce ɗayan bawansa ne. Haka Bakano da Bazazzagi, haka Bagobiri da Bayarabe, haka Bakatsine da Banufe. A cikin gida akwai taubasai, ɗan mace da ɗan namiji. Akwai jika da kaka. Tsohuwa ta ce da jikanta, "Mai gidana, yau ma ba cefane?" Shi kuwa ya ce ya sake ta, ya sami mai haƙora. In watan cika-ciki ya kama, abokan wasa su bi juna kuɗin shara. Maganar da in wani ya faɗa maka sai an je gaban alƙali, abokin wasa ya faɗe ta a kasuwa, ku tafa. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da girma ƙwarai, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin jerin al'adun da duniya ke tattali a shekarar 2014. Amma ku lura da dokar wasan. Kowa yana da bakin ramawa. Ka jefa, a jefo maka. Kuma in abokin wasanka ya shiga wahala, wasa ya ƙare, kai ne na farkon zuwa. Inda ɗaya ke jifa, ɗaya kuwa ba shi da halin ramawa, sunan abin ya sake. Wannan ita ce dariyar ƙeta, kuma haƙorin da ya yi ta shi ke cizo.

Yanzu mun iso ajinmu. Karatun boko na Hausa cike ya ke da tarko mai ban dariya, yawancinsa kuwa a wurin 'yar ƙugiyar nan ta kan ƙ da ɗ da ɓ. Mutum yana so ya rubuta wa ɗansa, "Ƙura ta cika mana ɗaki." Ya manta ƙugiya. Ɗan ya karanta, "Kura ta cika mana ɗaki," ya taso da kwari da baka. Wani ya rubuta, "Na taka kasa," yana nufin ƙasa, a tafi neman mai maganin maciji. Wani kuma malam ya ce ya rubuta, "Na tsotsi ƙashi." To, wannan ba sai mun ƙarasa ba, akwai dattawa a wurin. Wa zai ji irin wannan bai dara ba? Mu ba mu zo mu hana ku ba. Ajin da ba a dariya barci a ke yi a cikinsa. Kuma kalmar da aka yi dariya a kanta ba a mantawa da ita. Wanda kura ta taɓa cika wa ɗaki ba ya sake barin ƙugiya.

Ga inda ɓarnar ta ke. Mu kan zaga azuzuwa, mu kan duba rajista. Farkon buɗewa sunaye sun cika shafi. Bayan wata biyu sai ka ga layi ya yi giɓi. In an tambaya a ce wane aikin gona ya yi masa yawa, wane ido ke damunsa. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa in ka zauna da mutumin a zaurensa, ka bi shi a hankali, sai ka ji wata magana dabam. Ranar nan ce da aka tashe shi ya karanta, harshe ya sarƙe, yaran da ya haifi kamarsu suka tuntsure, wani har da nuna shi da yatsa. Washegari ya je kasuwa ya tarar labarin ya riga shi isa. Ku tuna ko wane ne wannan mutum. Magidanci ne mai iyali, a unguwarsu shi ke raba faɗa. Ya yi shekara hamsin ba wanda ya ga kasawarsa. Ya haɗiye girmansa, ya zo ya zauna a tabarma, ya riƙe fensir da hannun da ya saba da fartanya. A ranar ya yi yaƙe, irin na kan akuya, kowa ya ɗauka shi ma dariya ya ke yi. Bai sake dawowa ba.

Me ya rasa? Zai ci gaba da dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Wasiƙarsa da saƙon wayarsa, sai ya kai wa wani ya karanta masa, asirin gidansa ya zama na gari. Kwalbar maganin feshi da ta maganin tari, da ido zai riƙa rarrabe su. In an auna amfanin gonarsa an rubuta, sai abin da aka gaya masa. Duk wannan a bakin dariyar da ba ta kai minti guda ba. Waɗanda suka yi ta kuwa sun manta tun a daren. A Suratul Hujurati, aya ta 11, Allah ya hana mutane su yi wa waɗansu izgili, maza da mata duka, gama mai yiwuwa ne wanda a ke yi wa ya fi mai yi a wurinsa. Ɗazu mun ji yadda Annabi Sulaimanu ya yi da tururuwa.

Sabo da haka ga abin da mu ke roƙo. In kuskure ya ba da dariya, ku dubi idon mai shi tukuna. In idonsa yana dariya, bismilla, ku yi tare, ku tafa. In baki kaɗai ne ya buɗe, ku haɗiye taku, ko da za ta fito ta hanci. Abin da ya faru a aji kuma ya kwana a aji, kada ya je kasuwa, kada ya je bakin rijiya. Malamin aji, kai ma da naka. Kada ka tashi dattijo shi kaɗai a kan abin da bai riƙe ba tukuna. A fara karantawa baki ɗaya, sa'an nan bibbiyu, sa'an nan wanda ya ɗaga hannu. Yaran nan masu leƙe ta jikin zana, a sallame su tun kafin a fara. Wanda ya fi kowa ƙarar dariya kuwa, a miƙa masa alli, shi ke bi. Ba horo ba ne, dokar barkwanci ce, kowa da bakin ramawa. Kuma in kun san wani da ya daina zuwa, kada ku aika yaro. Abokin wasansa za ku tura, ya je ya tsokane shi har ya taso.

Akwai kuma masu dariyar waje, 'yan gindin bishiya. Su ne in sun ga mutum da littafi a hammata su ce, "Gemai-gemai da kai, sai yanzu za ka shiga aji ɗaya?" Kada ku yi faɗa da su. Ku ce gemu ba ya hana ilmi, ku wuce. Ba a daɗewa, ɗayansu zai sallamo da dare, takarda a naɗe cikin hula, yana cewa, "Malam, don Allah ɗan duba mini." Ran nan ku yi murmushi irin wanda ba ya ɓata salla, ku shimfiɗa masa tabarma, ku karanta masa. In kun gama ku gaya masa ranar da a ke aji.

Saura iri guda da ba mu faɗa ba, don ba kowa ke da ita ba tukuna. Kun ji ɗazu malamin nan na Amurka sai da ya cire lokacin karatu daga lissafinsa. Dalili, mai littafi ba shi kaɗai ya ke ba. Za ka ga mutum a gindin bishiya, ba kowa kusa da shi, ba mai yi masa cakulkuli, kafaɗunsa suna rawa. Wanda bai sani ba ya ce a nemo masa rubutu ya sha. Alhali rubutun ne a hannunsa. Marigayi Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka yi a 1933. A ciki akwai Alhaji Imam da Malam Zurƙe, suna bin juna gari gari, wannan ya shirya wa wannan tsiya, wancan ya rama. Mai littafin ya rasu tun 1981, amma har gobe yana tuntsurar da mutanen da bai taɓa gani ba. Wanda ya dage a cikinku, baɗi war haka shi zai karanta wa iyalinsa, a ji shewa ta bayan katanga.

Ga aikin gida. Kowa ya rubuta kalmomin nan biyar a littafinsa: dariya, murmushi, ƙyalƙyala, yaƙe, ƙura. Ku ƙirga ƙugiya nawa ke cikinsu, ku rubuta lambar a ƙasa. Sa'an nan ku saurari mutum guda a gidanku, ku rubuto mana da wane wasali ya ke dariya. Ban da suruki. Ku kawo wa malam ran aji mai zuwa. Wanda ya zo mana da kura, shi zai mai da ita daji. Mai jinkiri kuma, in ta zo maka tsakar dare, ka yi a hankali, yara suna barci.

A sauka lafiya. A gaida mutanen gida.